Ranar da Rumbun Gyaɗa Ya Yi Jiniya

Ga ta nan, ga ta nanku, mai kujera ya jawo, mai tabarma ya shimfiɗa.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun ajiye abin da ke hannunmu.

To, wannan ba ta dawa ba ce, ta cikin garin Daura ce, kuma ta zamanin nan da kowa ke yawo da waya a aljihu.

Wata Asabar da hantsi, damina ta kusa sauka, mutum biyu suka shiga caji ofis. Na gaba shi ne Alhaji Kalilu, shugaban wata ƙungiyar manoman gyaɗa, dattijo mai jiki da babbar murya. Na bayansa Zakiyyu ne, ƙanin matarsa, wanda ke kula da babban rumbun ƙungiyar da ke bakin gari, kan hanyar Zango.

Aka kai su gaban Sufeto Sharfaddeen. Shi wannan dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma yana da wata ɗabi'a: idan mutum ya gama magana sai ya yi shiru yana goge tabarau, har mutumin ya ji kamar ya ƙara wani abu.

"Yallaɓai, an yashe mu," in ji Alhaji. "Irin gyaɗa da za mu raba wa manoma, kusan rabin rumbu ya tafi. Ba a fasa ƙofa ba, ba a haura katanga ba."

"To ta ina aka bi?"

"Ta ƙofa mana! Na'urar yarinyar nan ce ta buɗe musu."

Bari in gaya muku yarinyar da yake nufi. Ƙungiyar tana da rumbu uku: na Daura, na Zango, da na Sandamu. Bara suka ɗauki Raihana, 'yar garin ce da ta karanci kwamfuta, ta sa wa kowane rumbu wani ɗan akwati mai kyamara da lasifika, wanda shi ke riƙe da makullin ƙofa. Akwatunan uku suna magana da junansu ta intanet, kuma ita ta rubuta musu ƙa'idar da suke bi.

Zakiyyu ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, akwatin yanayi biyu gare shi. Akwai tsaro, akwai lodi. In yana tsaro, ƙofa a kulle take, in ka buɗe da rimot ma sai ya ɗauki hotonka ya aika saƙo. In aka mai da shi lodi, sai ƙofa ta saki, kyamara ta rufe ido, lasifika ya yi shiru."

"Me ya sa kyamara ke rufe ido?"

"Ni na ce a yi haka," in ji Alhaji. "Matan aure ne ke zuwa ɗura buhu. Ba za a riƙa ɗaukar matan mutane hoto ba."

"Jiya da azahar an ɗauke wuta," Zakiyyu ya ci gaba. "Ina jin a nan akwatin ya rikice ya faɗa lodi da kansa, ɓarayi suka samu hanya. Ko dai aikinta ne na banza, ko kuma da saninta. Ni dai ban ce ba."

"Kai kana ina jiya?"

"Masallacin Juma'a. Wayata a kashe, sai bayan la'asar na kunna. Ban san komai ba sai yau da safe. Na tura ƙofa, muryar Yaya Alhaji ta daka min tsawa kamar kullum, ina shiga na ga fili."

Sufeto ya ɗaga kai. "Muryar Alhaji?"

Alhaji ya ɗan yi murmushi duk da ɓacin ransa. "Ai ni na ce ba na son kukan jiniya, kamar motar asibiti. Ta naɗi muryata ta sa. Ɓarawo in ya ji ni sai ya saki buhu."

"Wa ke iya mai da akwatin lodi?"

"Waya biyu ce kawai. Tata da tawa. Tawa kuwa ba ta rabuwa da aljihuna," in ji Alhaji.

Sufeto ya goge tabarau, amma ba wanda ya ƙara komai.

Kafin azahar an kawo Raihana an sa ta bayan kanta, don Alhaji ya riga ya kai kuka sama. Aka ce in ba a sami wani abu ba, ranar Litinin sai kotu. Ku kuwa kun san yadda garinmu yake. Mace in ta taka kotu da sunan sata, ko an wanke ta, bakin mutane ba ya wankuwa, kuma ba mai sake ba ta makullin ko da kejin kaji.

Sufeto ya ce a kai shi rumbun.

Suka tarar da maigadi, Malam Saminu, zaune a gindin darbejiya. Ya ce shi tun da aka kawo akwati, ranar Juma'a yakan tafi masallaci hankali kwance, ya biya kasuwa, sai la'asar ya dawo. Jiya ma ya dawo ya ga ƙofa a rufe yadda ya bar ta.

Alhaji ya karɓi rimot daga hannun Zakiyyu. "Yallaɓai, tsaya nan ka ji. Saurara da kyau."

Ya danna, ya tura ƙofa, ya tsaya ya ɗaga ƙirji.

Sai jiniya ta ɓarke, wiii-wiii, har awakin da ke kiwo a gefen titi suka watse.

Alhaji ya yi sororo. "Ina muryata?"

"Kun gani ko?" in ji Zakiyyu da sauri. "Ya sake rikicewa. Abin da nake faɗa ke nan." Ya karɓi rimot ya kashe ƙarar, suka shiga ciki da Alhaji.

Sufeto bai bi su ba. Ya zauna kan benci kusa da maigadi.

"Baba, yau da safe kana nan ya buɗe?"

"Ina nan, ina shan koko."

"Me ka ji? Murya ko jiniya?"

Malam Saminu ya yi dariya. "Ban ji ko ɗaya ba, ɗana. Shi Zakiyyu ai ba ya barin Alhaji ya yi magana. Tun daga bakin titi yake danna maɓallin shiru. Ya ce tsawar da ake yi masa a gida ta ishe shi."

Sufeto ya gode masa, ya duba sawun tayar mota da ya juya a bayan rumbun, ya koma ofis.

Raihana tana zaune a benci, ta naɗe hannu cikin mayafi. Ba ta yi kuka ba, sai dai idonta ya yi ja.

"Malama Raihana, an ce akwatinki ya faɗa lodi da kansa da aka ɗauke wuta."

"Ba zai yiwu ba, Yallaɓai. Da farko yana da batir. Na biyu, ko batirin ya mutu ya farfaɗo, tsaro zai koma. Tsaro shi ne na kullum. Lodi ba zai taɓa zama na kullum ba, saboda akwai tambayar tilas a cikinsa."

"Yi min a hankali. Ni ɗan sanda ne."

"Zaɓi ne a cikin zaɓi. Na waje: tsaro ko lodi. In ba wanda ya zaɓa, tsaro ne. A cikin tsaro akwai wani zaɓin: jiniya ko murya. In ba wanda ya zaɓa, jiniya ce. A cikin lodi ma akwai zaɓi, amma shi ba shi da na kullum, dole mutum ya amsa. Ƙa'idar aikinmu ce: reshen da ke da tambayar tilas ba a sa shi ya zama na kullum. Ko na so in rubuta haka, kwamfuta ba za ta karɓa ba."

"Yau jiniya ya yi mana."

Ta ɗago kai da sauri. "Jiniya? To wallahi hannu ne ya taɓa shi. In aka bar tsaro aka shiga lodi, duk abin da aka zaɓa a cikin tsaro sharewa yake yi. In aka dawo, sai ya dawo da na kullum. Duk ranar lodi ni ke canzawa, kuma in an gama ni ke mai da muryar Alhaji. Hannuna ya saba, ko ina barci zan yi. Da ni ce, da ba ku ji jiniya ba."

"Ko kuma kin bar ta da gangan don ki faɗa min haka."

Ta ce, "Haka ne. In ni ce kai, zan yi wannan tunanin."

"Akwatin ba ya nuna wace waya ce ta taɓa shi?"

"Lambar sirri ɗaya ce a wayoyin biyu. Na ce a raba, Alhaji ya ce raba lamba zargin juna ne, shi ba ya zargina, kamar 'yar cikinsa nake." Ta yi wani guntun murmushi. "Ga shi yau."

Sufeto ya fito kansa ya ɗau zafi. Ya ji maganar, amma ba ta zauna masa ba. Yunwa kuma ta taso, sai ya tsallaka titi zuwa rumfar Laraba mai abinci, inda ya saba ci.

"Sannu da aiki, Yallaɓai. Yau an kama 'yar mutane, an hana kai cin abinci," in ji Laraba. Ba ta tambaye shi komai ba, ta zuba tuwon dawa da miyar kuka ta tura masa.

Yana cikin wanke hannu wani direba ya faɗo rumfar.

"Laraba, tuwo da kuɓewa!"

Ta zuba. Kafin ta miƙa ya ce, "A'a, bari, ba ni shinkafa."

Ta juye. "Da miya ko da mai da yaji?"

"Ke dai zuba."

"Ba na zubawa. Shinkafa sai ka faɗa. Na zuba maka miya ka ce yaji kake so, wa zai ci asarar? Faɗi."

"Kai, ke da tambaya kamar alƙali! To bar shi, mai da ni tuwon."

Ta zuba tuwo, ta kwarara kuka, ta ajiye masa.

"Haba Laraba, ai kuɓewa na ce!"

"Kuɓewarka ta tafi da kwanon farko, ɗan nema. Yanzu tuwo ka ce, ba ka ce komai ba. Tuwon da ba a ce komai ba kuka ce miyarsa. Ka tambayi Yallaɓai, shekara nawa yana ci."

Sufeto ya tsaya da loma a hannu.

"Laraba, in mutum ya zo ya zauna bai ce uffan ba, kin taɓa zuba masa shinkafa?"

"Ta yaya? Ai sai na tambaye shi miya ko yaji. Wanda bai yi magana ba tuwo ne nasa, shi ne ba ya buƙatar baki."

"Ke nan in na ga shinkafa a gaban mutum..."

"To ya buɗe baki ya yi magana har sau biyu. Ci abincinka, Yallaɓai, zai huce."

Bai tsaya ya cinye ba. Ya koma wurin Raihana.

"Tambayar tilas ɗin nan ta cikin lodi, mece ce?"

"Ina kayan za su: Zango ko Sandamu. In ba a zaɓi ɗaya ba, ƙofa ba ta saki."

"Amsar tana nan a akwatin?"

"Ta share da aka koma tsaro." Sai ta dafe baki. "Amma Yallaɓai, in aka zaɓi rumbu, akwatin can yana kunna fitila ruwan ɗorawa, alamar kaya na tafe. Tana nan a kunne har a rufe lodi. In akwai mutum a wurin, ya gani."

Sufeto ya sa aka kira mai kula da rumbun Sandamu. Ya ce shi jiya wuni ya yi a bakin rumbu yana gyaran buhuna, in ban da lokacin salla, bai ga wata fitila ba.

Saura Zango.

Ranar Lahadi da safe Sufeto ya shiga mota shi da kofur ɗaya. Gonaki duk an yi sharar su, ana jiran ruwa. A rumbun Zango suka sami Ikilima, mace mai matsakaicin shekaru, ita ke riƙe da wurin, tana tankaɗe ɓawon gyaɗa a faifai.

"Hajiya, ranar Juma'a kina nan?"

"Ba na nan. Na tafi biki Mashi." Ba ta dube shi ba.

"Biki ya yi kyau?"

"Ya yi."

"Amaryar 'yar wa ce?"

Faifan ya tsaya. Sufeto ya cire tabarau ya shiga gogewa. Kaji suna ta tsattsagar ɓawo a ƙafarsu, shi kuwa ko gezau.

"Yallaɓai, ni ba na son in ƙara wa yarinyar nan wahala," in ji ta daga ƙarshe. "Ita ta koya min duba saƙo a waya. Ba ta taɓa ɗaga min murya ba."

"Gobe za a kai ta kotu. Shirun da kike yi ba ya taimakonta. Me kika gani?"

Ikilima ta ajiye faifai. "Na nemi izinin zuwa bikin, aka ba ni. Na shirya tsaf, mai mashin ɗin da zai kai ni bai zo ba. Da na gaji da jira sai na ce bari in zo in rage aiki. Ana cikin huɗuba fitilar nan ta kama. Na ce ikon Allah, kaya ranar Juma'a? Na share wuri, na zauna jiran mota. Shiru. Sai na kira Zakiyyu."

"Ya ɗauka?"

"Bugu ɗaya. Har ya ce, 'Ke ba kin tafi Mashi ba?' Na ce ban samu tafiya ba, ga fitila ta kama. Sai ya ce na'urar ce ta rikice, kada in gaya wa kowa, in Alhaji ya ji zai kori Raihana. Shi ya sa na kama bakina."

"A masallaci kika ji shi?"

"Wane masallaci? Ina jin ƙarar mota a kusa da shi, wani yana cewa a matso da buhu."

"Wa ya ba ki izinin zuwa Mashi?"

"Shi. Ai shi ne babbanmu."

"Raihana ta san za ki tafi?"

"Ina za ta sani? Ba ta shiga harkar hutunmu."

Sufeto ya ce ta ɗauko mayafinta ta biyo su.

Bayan azahar ya tara su a cikin rumbun Daura: Alhaji Kalilu, Zakiyyu, Malam Saminu, da Raihana da aka kawo daga ofis. Ikilima ya bar ta a mota tukuna. Suka zazzauna kan buhunan da suka rage.

"Alhaji, zan sake tambayarka, kuma ka yi haƙuri. Ranar Juma'a da azahar, ina wayarka?"

"Na gaya maka, tana..." Ya dubi Malam Saminu, wanda sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, sai maganar ta maƙale. Ya share gumi. "To. Gaskiya ba na shiga masallaci da ita. Akwai ranar da ta yi ƙara liman na tsakiyar huɗuba, na rasa inda ake kashe ta, sahu uku suna juyowa suna kallona. Tun ran nan nake barin ta a aljihun tebur a ofis. Kunya ce ta hana ni faɗa."

"Tana da makulli, wayar?"

"Ni ina zan iya da wannan? A buɗe take."

"Ofis ɗin fa, wa ke da makullinsa?"

"Ni da..." Bai ƙarasa ba. Ya juya a hankali ya dubi ƙanin matarsa.

"Yaya, kada ka bari a raba mu," in ji Zakiyyu. "Makullin ofis ai ba laifi ba ne. Na'ura ce ta rikice."

"Mu bi ta a hankali," in ji Sufeto. "Akwatin nan in an bar shi, tsaro yake komawa. Ba ya shiga lodi sai an amsa masa tambaya, shi kuwa ba ya amsa wa kansa. Ke nan mutum ne. Mutumin ya zo kan tambayar, Zango ko Sandamu, ba hanyar tsallakewa. Ya san fitila za ta kama a can, don haka ya zaɓi inda yake zaton ba kowa. Malam Zakiyyu, wa ya san rumbun Zango zai kasance a rufe ranar Juma'a?"

"Kowa zai iya sani."

"Da ya gama ya mai da akwatin tsaro, yana zaton komai ya koma yadda yake. Bai san muryar Alhaji ta tafi ba. Wadda ta rubuta ƙa'idar ta sani. Wanda ya saba leƙen hannunta daga baya, ya ga farkon aikin bai ga ƙarshensa ba, shi ne ba zai sani ba. Ka ce min jiya da safe muryar ta daka maka tsawa."

"Ta yi mana!"

"Baba Saminu?"

"Ni dai koko nake sha, kuma kunnena ƙalau. Ba abin da ya yi ƙara."

"Ka ƙara wannan ne don in yarda komai lafiya ka tarar," in ji Sufeto. "Da ka bar lasifikan ya yi magana ko sau ɗaya, da ka ji jiniya ka gyara labarinka. Sannan ka ce wayarka a kashe take har la'asar."

Ya ɗaga wa kofur hannu. Ikilima ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Sannu Zakiyyu," in ji ta. "Ka ce in rufa wa Raihana asiri. Ashe naka nake rufawa."

Zakiyyu ya dubi ƙofa, ya dubi kofur, sannan ya sunkuyar da kai yana murza rimot a hannu.

"Ina gyaɗar mutane?" Alhaji ya tambaya. Wannan karon muryarsa ƙasa-ƙasa ta fito.

"Tana wani kango a hanyar Mashi. Ba a tsallaka iyaka da ita ba tukuna, sai ranar kasuwa."

"Me na rage ka da shi?"

"Ba ka rage ni da komai ba, Yaya," in ji Zakiyyu. "Kafin a kawo akwatin nan, nakan ɗebi tiya guda a buhu, ba mai sani, ba mai ciwo. Da shi nake rufa wa kaina asiri. Tun da Raihana ta zo da shi, ko tsintsiya na shiga ɗauka sai waya ta yi ƙara. Na ce in aka yi babbar ɓarna aka ce na'ura ce, za a cire ta a koma kwaɗo irin na da. Ban yi zaton za a kai ta kotu ba."

"Amma da aka ce za a kai ta, ka yi barci lafiya," in ji Sufeto. "Kofur."

Kofur ya karɓi rimot, ya sa masa ankwa.

Alhaji ya taso da ƙyar ya tsaya gaban Raihana. Babban mutum, sai ga shi yana lalubar bakin rigarsa.

"'Yata, na ci amanarki. Ki yafe min."

"Na yafe, Baba. Amma gobe za a raba lambar sirri, kowa da tasa."

"A raba. Ko goma ce a raba."

Sufeto ya miƙa mata wayarta da aka riƙe a ofis. Ta karɓa, kuma ko kallon kirki ba ta yi wa fuskar wayar ba, yatsanta ya yi 'yan taɓe-taɓe irin na wanda ya saba, ta jefa ta a jaka.

Iska ta riga ta tura ƙofar rumbun ta rufe. Kofur ya danna rimot, bai san da wani maɓallin shiru ba, ya tura ƙofa ya tasa Zakiyyu gaba. Suna taka dokin ƙofa sai lasifika ya buɗe da muryar Alhaji Kalilu, har kwanon rufi yana amsawa:

"Kai! Wa ya aike ka? Ajiye kayan mutane!"

Zakiyyu ya zabura kamar an tsikare shi. Malam Saminu ya juya baya yana tari, don kada a ga dariyarsa. Alhaji kuwa bai yi dariya ba, ya bi motar da ido har ta hau titi.

A ranar aka kwaso gyaɗar daga kangon, aka kama direban da ya yi dakonta. Zakiyyu ya amsa laifinsa a gaban alƙali, aka ɗaure shi. Raihana ba ta taka kotu ba, tana nan tana riƙe da akwatunan uku, har wata ƙungiyar masu riɗi ta kira ta ta yi musu irinsa. Ikilima aka dawo da ita Daura aka ba ta babban rumbu. Alhaji Kalilu ya koyi kashe wayarsa, yanzu da ita yake shiga masallaci. Malam Saminu yana gindin darbejiyarsa. Manoma sun sami iri kafin ruwan shuka. Sufeto Sharfaddeen kuma har yau in ya zauna a rumfar Laraba ba ya cewa komai, tuwo da kuka ake zuba masa.